Motar da ke Shaƙewa a Hanyar Goronyo: Tarihin Wani Ciwo da Masu Maganinsa

Duk direban da ya daɗe yana bin titin da ya fita daga Sakkwato ya ratsa Achida ya nufi Goronyo, ya san wannan ciwo. Mota tana tafiya lami lafiya, sai ga Kanta shaƙe da buhunan albasa a gaba. Direba ya leƙa ya ga hanya da sauƙi, ya fito ya taka totur. Maimakon motar ta zabura, sai ta yi kamar an riƙe mata maƙogwaro, ta ja numfashi, ta yi fizga ɗaya ko biyu, sannan ta karɓa. Abin bai wuce daƙiƙa biyu ba. Sai dai motar da ke gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, ita ma mai tahowa daga gaba haka take ci. A lokacin wuce wata mota, daƙiƙa biyun nan ba ƙaramin bashi ba ne.

A tasha da gareji sunayen ciwon suna da yawa. Wani ya ce motar tana shaƙewa, wani ya ce tana misin, wani ya ce tana cijewa in an ba ta wuta. Tushensa bai sauya ba tun daga motar farko da ta shigo ƙasar Sakkwato. Abin da ya sauya a cikin shekaru 50 da suka wuce shi ne irin motocin da ke bin hanyar, da irin man da suke sha, da kuma wurin da ilimin gane ciwon yake ajiye. A da yana cikin kunnen bakanike da idonsa. Yanzu rabinsa yana cikin wata ƙaramar kwamfuta da ke ɓoye a jikin motar. Yawancin kuɗin da masu tsofaffin motoci ke asara a yau, a tsakanin waɗannan ilimai biyu suke zubewa.

Ƙasar da dogo bai kai ba

Wurno da Rabah da Goronyo garuruwa ne da suka san tafiya tun kafin mota. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853 da doki da raƙuma, kamar kowane matafiyi na zamanin. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma riƙe hakimcin garin daga 1934. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sun shimfiɗa dogo daga Zariya ya bi ta Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Har yau bai ƙarasa Sakkwato ba. Saboda haka tun daga wancan lokaci, duk kayan da ya fi ƙarfin jaki da raƙumi a wannan yanki, mota ce ke ɗaukarsa.

Kayan kuwa sai ƙaruwa suka yi. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, ta haɗu da fadamun Wurno wajen ciyar da noman rani. Albasa da tafarnuwa da shinkafa suna fita daga gonakin da ba su kan kwalta, su bi burtali da yashi kafin su hau titi. Motar da aka ƙera don mutum 5 tana ɗaukar 8 da kaya a but har ƙofar ta ƙi rufuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shaƙar ƙurar hunturu, a Afrilu kuma zafi ya haura maki 40. Kilomita ɗaya a nan ya fi kilomita ɗaya a titin Jamus nauyi a jikin inji, ko da yake agogon mota lamba ɗaya yake rubuta wa kowannensu.

Abin da ke faruwa in an taka totur

Injin fetur yana rayuwa ne a kan ma'auni. Yana buƙatar iska kashi 14.7 a kan kowane kashi 1 na mai, bisa nauyi, sannan tartsatsin fulogi ya kunna haɗin a daidai lokacinsa. Totur kuwa, saɓanin yadda mutane da yawa suka ɗauka, ƙofar iska yake buɗewa. In direba ya taka shi da sauri, iska tana kwarara ciki nan take saboda ba ta da nauyi, mai kuma ya makara. A wannan ɗan taƙaitaccen lokaci haɗin yakan yi tsararo, iska ta rinjayi mai, wuta ta yi rauni. Duk mai ƙera inji ya san da wannan giɓi, kuma kowane zamani yana da dabarar cike shi.

Akwai abu na biyu. In aka cika silinda da iska, matsin da ke ciki yana ƙaruwa, tartsatsi kuma yana buƙatar ƙarin ƙarfin lantarki kafin ya tsallake bakin fulogi. Shi ya sa tsohon fulogi da bakinsa ya cinye yakan yi aiki daidai in mota tana tsaye tana silo, amma ya gaza da zarar an hau tudu da lodi. Wannan ne ke sa mai mota ya kai ta gareji, a kunna ta, a ji sautinta garau, bakanike ya ce ba ta da komai. Gaskiya ya faɗa game da motar da ke tsaye. Ciwon sai a kan hanya yake fitowa.

Ke nan duk motar da ke shaƙewa, ɗaya daga cikin abu huɗu ne ya same ta: mai bai isa ba, ko iskar da ta shiga ba ita aka lissafa ba, ko wuta ta yi rauni, ko hayaƙi ya rasa hanyar fita. Tarihin gyaran mota a gabashin Sakkwato, tarihi ne na yadda ake gane wanne ne daga ciki.

Zamanin Fijo da kafireta

Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, shekarar kuma da Fijo 504 ta lashe gasar Safari a Kenya. Gwamnati ta mai da ita motar ma'aikatunta. Doguwarta ta zama motar tasha, a-kori-kurarta ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Kusan shekaru 30 ana ƙera ta a Kaduna, kuma a tsawon wannan lokaci wanda ya iya 504 ya iya mota.

Kafireta ce ke haɗa mata iska da mai. A jikinta akwai wani ɗan famfo mai fatar roba wanda aikinsa ɗaya ne kawai: da an taka totur, ya tsarta mai cikin maƙogwaron kafiretar don cike giɓin nan da aka ambata. In robar ta bushe ko ramin tsartawar ya toshe, mota za ta shaƙe a farkon taku. Bakaniken wancan zamani yana gane haka ba tare da wata na'ura ba. Ya cire murfin matatar iska, ya leƙa, ya motsa totur da hannu. In ya ga mai ya tsarto, ya wuce gaba. In bai gani ba, ya sami ɓarawonsa.

Sauran binciken ma haka yake, ido da kunne da hanci. Ya kwance fulogi ya karanta launinsa. In ya yi kalar soyayyar gyaɗa, ƙonuwa tana daidai. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko bawul sun fara gajiya. Ya buɗe distiribita ya duba kwantak, ya goge shi da 'yar takardar yashi, ya saita taimin yana sauraron inji. A bazara, in zafi ya tafasa fetur a cikin bututu har famfo ya koma jan tururi, direban tasha ya san maganin da kansa: tsumma jiƙaƙƙe a kan famfon, da ɗan haƙuri a gindin bishiya.

Abin lura a nan shi ne, wannan ilimi ya dace da motarsa. Famfon man 504 ƙaramin matsi yake bayarwa, ramukan kafireta kuma ana iya hura su da baki ko a tsokane su da siririyar waya. Motar tana jure gurɓataccen mai, in ma ta ƙi jurewa, gyaranta bai wuce aikin sa'a ɗaya a bakin titi ba. Yaron da ya yi shekaru 5 ko 6 a ƙarƙashin ubangidansa a gareji yana fita da cikakkiyar sana'a, domin duk abin da ke motsi a cikin injin ana iya ganinsa a taɓa shi.

'Yan Kwatano

A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka saki darajar naira, zuwa 1993 dala ta kai kusan naira 22. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma, har da ɗan kasuwa mai matsakaicin hali. Giɓin da ya samu, tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi. Ana loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam, a sauke a Kwatano. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso Arewa ta Jamhuriyar Nijar suka bi, ta Birnin Ƙonni da Maraɗi, suka shigo ta iyakoki irin su Illela. Daga nan sunayen 'yar Kwatano da 'yar Beljiyam suka samo asali. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, amma kafin nan Golf da Vectra da Sharon da Carina sun riga sun karɓe tashoshi.

Waɗannan motoci sun zo da wani sauyi a ɓoye. Dokokin rage hayaƙi na Turai da suka fara aiki a 1992 sun kashe kafireta a sababbin motocin can. An maye gurbinta da nozul masu fesa mai, da famfon lantarki a cikin tanki mai matsin da ya ninka na 504 fiye da sau 10, da ƙwaƙwalwar da makanikai ke kira biren-bos. Aikin da ɗan famfon roba yake yi a da, yanzu lissafi ne ke yinsa. Wata sansa tana auna iskar da ta shiga, wata tana gaya wa ƙwaƙwalwa iya inda aka taka totur, wata tana auna zafin ruwa, wata kuma a jikin salansa tana sunsuna hayaƙi don ta faɗi ko haɗin ya yi daidai. In ɗaya daga cikinsu ta yi ƙarya, ƙwaƙwalwa za ta yi lissafi mai kyau a kan labari marar kyau, mota ta shaƙe. Babu abin da za a leƙa a gani.

Makanikan da suka taso a kan Fijo sun tari wannan baƙon abu da dabarun da suka sani. Wasu sun riƙa cire nozul gaba ɗaya suna ɗora wa injin kafireta. Wasu sun koma canki-canka: a sauya fulogi, in ba ta daina ba a sauya koyil, in ba ta daina ba a sauya famfo, kowane da kuɗinsa, kowane kuma a kawo shi daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, yawanci shi ma ɗan gwanjo ne da ba a san tarihinsa ba. Ba rashin basira ya jawo haka ba. An kawo musu mota ba a kawo littafinta ba, ba a kuma kawo na'urar da ke karanta ta ba.

Ita kanta motar ba yarinya ba ce lokacin da ta iso. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Wadda ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, don haka in agogonta ya nuna 200,000, kilomita 320,000 ke nan, in ma ba a mayar da agogon baya ba.

Man da ake ba ta

Motar nozul mai tsantseni ce a kan abin da take sha, ita kuwa ƙasar da ta zo tana da dogon tarihi da gurɓataccen mai. Har zuwa farkon shekarun 2000 fetur ɗin Nijeriya yana ɗauke da sinadarin dalma, wanda ke kashe sansar hayaƙi da kuma matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Motocin farko da suka zo da waɗannan kaya, man da aka zuba musu ne ya fara lalata su.

A watan Fabrairun 2022 hukumomi suka amsa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC kuma ya ce jiragen daga Antwerp suka taso, wato tashar da motocin kansu suka fito. Ƙarfin ƙonuwar metanol kusan rabin na fetur ne, yana jawo ruwa, yana kuma cin roba. Injin da ya sha shi zai ga kamar an rage masa abinci, ya yi ta shaƙewa alhali babu abin da ya lalace a jikinsa tukuna. Masu motoci da yawa sun biya kuɗin gyaran ciwon da yake cikin tanki.

A karkara matsalar ta fi wannan tsufa kuma ta fi shi daɗewa. Inda gidan mai ya yi nisa ko ya rufe, 'yan bumburutu ne ke riƙe da hanya, da jarkoki da galan da mazurari a buɗe cikin ƙura. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, abin da ya ƙara tura garuruwan bakin iyaka hannun jarka. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutane suka koma sayen lita 5 ko 10, allura kullum tana kwance a kan ja. Famfon da ke cikin tanki kuwa da man yake sanyaya jikinsa. In mai ya yi ƙasa yakan yi zafi, a kan kwana ko gargada kuma ya ja iska. Famfon da ya gaji yana ba da abin da ya ishi silo, amma ya kasa in an nemi ƙari.

Ƙura da zafi da gyaran da ke ƙara ciwo

Sansar auna iska a motoci da yawa wata siririyar waya ce da ake zafafawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan ake lissafa yawanta. In ƙurar hunturu ta lulluɓe wayar, sai ta riƙa faɗin ƙasa da abin da ya shiga, ƙwaƙwalwa ta rage mai. Matatar iskar da aka yi ta kaɗewa ana mayarwa har ta huje, ita ce ƙofar wannan ƙura. Haka nan babban tiyon roba da ke tsakanin sansar da inji yakan tsage a cikin lanƙwasarsa saboda zafi da tsufa. In mota tana tsaye tsagar a rufe take. Da an taka totur inji ya ɗan karkata a kan kujerunsa, sai ta buɗe baki, iskar da ba a lissafa ba ta shige.

Akwai kuma gyare-gyare biyu da suka zama al'ada a garejojin ƙasar nan. Na farko shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗauki zafin aikinsa, bisa hujjar cewa don ƙasar sanyi aka yi shi. A motar nozul, injin da bai kai zafinsa ba ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa a matsayin wanda aka kunna yanzu, ta yi ta ƙara masa mai. Mai ya tafi a banza, fulogi ya yi baƙi, musamman da safiyar hunturu. Na biyu shi ne fasa matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Gaskiya ne in ta toshe mota ba ta iya numfashi, ƙarfinta yana mutuwa a babban gudu. Amma ba kasafai take toshewa haka siddan ba. Ɗanyen mai daga fulogin da ke misin, ko baƙin mai daga ringin da ya cinye, su ne ke narkar da ita ko su liƙe ta. In an fasa ta ba a bi tushen ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Bugu da ƙari cikinta yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, akwai masu sayensa, don haka mai mota yana da haƙƙin tambayar dalili kafin a taɓa ta.

Bin sawun ciwo

Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Ta wannan soket ƙwaƙwalwar mota ke faɗin abin da ta gani, kuma na'urar karanta shi ta yi arahar da har da wayar hannu ake haɗa ta. Lamba P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai. P0300 tana nufin misin a silinda daban-daban, P0302 kuma misin a silinda ta biyu. Sai dai lamba alama ce kawai. P0171 ba ta faɗi ko famfo ne ya gaji, ko tiyo ne ya tsage, ko sansa ce ta yi datti ba. Wanda ya ga lamba ya ruga ya sayo sansa, canki-cankar da ya gada ce yake yi, sai dai yanzu da allo a hannu.

Bincike na gaskiya yana farawa da tambayar da tsohon bakaniken Fijo yake yi: yaushe take yi? In a farkon taku ne kawai sannan ta warware, a duba ɓangaren iska da sansar totur, wadda takan cinye a daidai wurin da ƙafa ta fi zama. In a kan tudu ne ko da lodi, tana fizga, a fara da fulogi da koyil da wayoyinsu. In tana tafiya daidai har sai gudu ya yi nisa sannan ƙarfi ya ƙare, famfo ne ko filtar mai ko salansa a toshe. In ciwon ya fara ne bayan shan mai a wani wuri, a zuƙo kaɗan a kwalba mai haske a ajiye, ruwa da laka za su kwanta a ƙasa. In kuwa inji yana ihu, allurar juyi tana hawa, amma gudu bai ƙaru ba, to a ƙyale inji, kuloci ne ko giya ke sulɓewa.

Bayan tambaya sai awo, daga mai araha zuwa mai tsada. A juya makulli a ga ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa kafin a tayar, domin akwai motocin da aka cire musu ƙwan don kada mai saye ya gani. In tana ƙiftawa a kan tafiya, misin ɗin ya yi tsanani, ci gaba da tafiya yana ƙona matatar hayaƙi. A duba matatar iska, a lanƙwasa tiyo a nemi tsaga, a kwance fulogi a karanta su kamar yadda ake yi tun 1975. In ana zargin koyil ɗaya, a musanya shi da na kusa, a ga ko misin ɗin ya bi shi. A ɗaura agogon matsi a bututun mai a taka totur, a ga ko allura tana faɗuwa. A na'urar karatu kuma a kalli yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don gyara haɗi. In ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai abin da take ramawa. Motar da ta haura kilomita 300,000 ana gwada mata matsin kowace silinda kafin a kashe kuɗi mai yawa, domin injin da ringinsa ya ƙare, sabuwar sansa ba za ta mayar masa da ƙuruciya ba. Duk wannan a ƙarshe sai an hau titi da motar, da lodi irin wanda ta saba ɗauka.

Abin da ke kan hanya

A wani wuri, motar da ke shaƙewa ɓacin rai ce da asarar mai. A gabashin Sakkwato na shekarun nan lissafin ya fi haka nauyi. Hanyar Marnona zuwa Isa da ta ratsa dajin Gundumi ta zama abin tsoro ga matafiya. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro, a ranar 17 ga Oktoba na shekarar kuma 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Direban da ke bin irin waɗannan hanyoyi yana lissafin fitowar rana da faɗuwarta, ya san wuraren da ba a tsayawa. Motar da ta fara jan numfashi yau, ita ce mai mutuwa gobe, kuma ba ita ke zaɓar inda za ta mutu ba.

Na'urar karatu ta fara shiga garejojin birnin Sakkwato, yawanci a hannun matasa masu wayarin. Tsofaffin da suka iya karanta fulogi da sauraron inji suna nan a garuruwa, suna raguwa. Kowane ɗayansu rabin magani ne ke hannunsa. Ma'aikacin da ke zuwa aiki Wurno ko Rabah daga birni, da ɗan kasuwar da albasarsa ke jiran mota a Goronyo, ba lallai ne su koyi kanikanci ba. Abin da ke hannunsu shi ne su riƙe bayanin yaushe motar take yi, da wane mai, a wane gudu, sannan kafin a kwance musu ko da noti ɗaya su tambayi me aka auna, me awon ya nuna. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya.